Iya Mai Wankin Gyambo

Wanda ya ba mu aron Iya ya karɓi abinsa ranar Talata da hantsi, a ɗakinta na Tasawa, kanta bisa cinyata. Uwar mijina ce. Kirista ce 'yar Katolika, haihuwar Dahome, kuma a kan addininta ta cika. Ni Musulma ce, ɗiyar manoma daga Koona. Na faɗi wannan tun da fari don kada wani ya bi ni har ƙarshe yana jiran in ce ta yi shahada. Ba ta yi ba.

Kwana uku muka yi zaman makoki. Abin da na gani a kwanakin nan shi ya sa na ɗauki alƙalami, ni da sai da na girma na koyi rubutu a ajin yaƙi da jahilci.

Mata sun zo, tsakar gida ta cika. Kowace in ta durƙusa sai ta ce, "Sannu da haƙuri," daga nan bakinta ya ɗaure. Wannan ban riƙe kowa da shi ba, na san abin da malamai suka ce game da yi wa wanda ba Musulmi ba addu'a. Sauran ne ya tsaya mini a wuya. Maƙwabciyarmu ta bayan katanga, bakinta cike da dambun da muka dafa wa baƙi, ta ce, "Kaico! Mutuniyar kirki, ga hannu sake, amma an yi asararta." Da aka miƙo mata ruwa sai ta tsai da moɗar a bakin leɓe, ta ce, "Randar ga, ita ma nan take sha?" Aka ce e. Ta aje moɗar ƙasa, ta goge hannu da zane. Matar nan, damina biyu Iya ta yi tana wanke ƙafar mijinta.

Wata ta raɗa mini a kunne wai in gode wa Allah, yanzu mala'iku za su riƙa shiga gidanmu. Wata kuma, gawa ba ta ko fita ba, ta leƙa ɗaki tana tambayar wa za a bai wa gadon ƙarfe. Na dube su suna tauna, mai yana nasowa a gefen bakinsu, na kasa cin komai sai washegari.

Limamin unguwarmu ne ya wanke mini rai. Ya tsufa, da sanda yake tafiya, amma ya zo ya zauna a zaure, ya tura 'ya'yansa da magirbi suka haƙa kabari kusa da na mijinta, can bayan filin da ake jibge buhunan gyaɗa. Da wani ya yi gunaguni, Liman ya ce, "Maƙwabciyata ce fiye da shekara talatin. Hukuncinta ba ya hannuna. Haƙƙin maƙwabtaka kuwa yana wuyana." Washegari da la'asar Mompe, wato malamin addininsu, ya iso daga Maraɗi a wata tsohuwar mota, ya yi karatunsa, aka rufe ta.

Amma kafin in ci gaba da zagin mutane, bari in fara da kaina, don babu wadda ta ƙyamaci Iya kamar ni.

An kawo ni gidan nan shekarar da aka ce Nasara sun tafi, ƙasa ta koma hannunmu. Lokacin gyaɗa na tashenta. Da kaka ta yi, raƙuma da jakuna ba sa yankewa a hanya, kamiyo, wato manyan motocin kaya, na shiga na fita, gari duk ƙamshin ɓawo. Maigidana yana aikin awo a wurin sayen gyaɗa, aikin da ya gada daga mahaifinsa, kwami, wato akawu, da kamfani ya kawo daga Dahome, wanda ya rasu tun kafin aurenmu. Shi maigidana a Tasawa aka haife shi, da 'ya'yan Hausawa ya tashi, kuma ya musulunta kafin ya nemi aurena. Mutane suka ce don ni ya yi. Iya ma haka ta ɗauka.

Gajera ce, baƙa, mai ƙarfin hannu. Hausarta a karkace take, takan ce wa namiji "ke", ta ce wa mace "kai". Ba zan rubuta maganarta yadda take yi ba, dariyar da aka yi mata tana da rai ta isa. Tana da faɗa. In ka bar murfin tukunya a ƙasa, sai ka ji labarinsa har gobe. Tana shaƙar taba, ta yi ta atishawa tana zagin mai tabar.

Ranar da na fara shiga ɗakinta gaisuwa, na ɗaga kai na ga wani hoto a bango. Wani mutum ne mai dogon gashi, ya buɗe riga, zuciyarsa a waje bisa ƙirji, ja wur, an naɗe ta da ƙaya, jini na ɗiga, wuta na ci a samanta. Ƙarƙashinsa wata 'yar fitila ta jan kwalba tana ci da man gyaɗa, ba a barin ta ta mutu. Ni da zuciya a waje sai a faifan mahauci na taɓa gani. Na yamutsa fuska. Ta lura, ta ce, "Yesu ne, wanda kuke ce wa Annabi Isa. Ya fiddo ta waje don kada kowa ya ce bai san ana son shi ba." Na sunkuyar da kai, na ce a raina, a'uzu billahi.

Sai kuma Juma'ar farkon wata. A addininsu, masu girmama wannan zuciya suna zuwa majami'a kowace Juma'ar farko ta watan Nasara su karɓi gurasa mai tsarki. To Tasawa babu majami'a, Mompe kuwa sai a yi wata da watanni bai leƙo ba. Iya ta ce ta yi shekaru tana kukan wannan rashi, har ta yanke wa kanta shawara: tunda ba za ta samu jikin Yesu a gurasa ba, za ta neme shi a jikin masu ciwo. Haka ta faɗa mini, ban ƙara ba, ban rage ba.

Ranar, tun hantsi zaurenmu ke cika. 'Yan dako da buhu ya cinye wa kafaɗa. Manoma daga wajen Attantane da kurkunu ya fasa wa ƙafa, ciwon ya zama gyambo. Wata mata daga Hawandawaki da nononta ya ruɓe. Iya ta dafa ruwa da gishiri, ta zuba wani garin magani da take samowa a disfansar, wato ɗakin shan magani, mai mai da ruwa shunayya. Ta tafasa tsofaffin zannuwa ta yayyaga. In mai ciwo ya fara ba ta labarin wanda ya yi masa sammu, sai ta katse shi: "Sai a wanke tukuna, a yi magana daga baya." Kullum maganarta ke nan.

Na taɓa leƙawa sau ɗaya. Ta ɗora ƙafar wani tsoho bisa gwiwarta, ta kwance ganyen da ya ɗaure ta da shi. Ƙuda suka tashi gaba ɗaya. Ramin ciwon zai ɗauki ƙwan kaza, gefensa fari, cikinsa na motsi. Da tsinke take zaro tsutsa ɗai-ɗai tana jefawa a gwangwani, tana 'yar waƙarta cikin harshensu. Warin ya bi ni har ɗaki, ya zauna a gashina. Bayan nan ta wanke hannu da toka da sabulu, ta shigo ta kama muciya ta tuƙa tuwo, ta aiko mini da nawa.

Awaki na zuba wa. Wata da watanni, duk abincin da ya fito daga hannunta, awaki ke ci. Na ware kwanona, na ware moɗata. In ta taɓa tabarmata sai na shanya ta a rana. Ta sani sarai. Ba ta fasa aikowa ba.

Da na samu ciki, matan unguwa suka ce in daina kallon hoton nan, kada in haifi ɗa da zuciya a waje. Wata ranar kasuwa da ta fita, na shiga ɗakinta na yafa wa hoton tsohon mayafi. Ban lura bakin mayafin ya sauka kan fitila ba. Da na ji ƙauri na koma da gudu na kashe wutar, amma ta riga ta ci gefen hoton, ta haɗa da hannun mutumin guda.

Iya ta dawo, ta tsaya ta daɗe tana kallo. Sannan ta fito tsakar gida ta same ni.

"Uwata ta ba ni shi ranar da zan baro gida. Ban sake ganinta ba. Kin ɗauke mini ɗa, na yi shiru. Kin bai wa awaki tuwona, na yi shiru. Me ya rage kuma? Faɗa mini in kawo miki!"

Maimakon in ba da haƙuri, sai na ce, "Ai gunki ne."

Ta tofar da miyau a gabana. Har na tafi goyon ciki gidanmu a Koona, ko gaisuwata ba ta amsa ba.

A Koona na yi kwana uku ina naƙuda. Ɗan ya zo ba rai. Bayan kwana biyu na farka na ji tabarma a jiƙe, na ɗauka jini ne. Fitsari ne, yana zuba ba tare da na sani ba, kuma bai tsaya ba. Ba ya tsayawa in na zauna, ba ya tsayawa in na kwanta. Cinyoyina suka saɓule. Na daina shan ruwa don ya ragu, sai ya ƙara kauri da zarni.

Mutanen gidanmu sun yi haƙuri na 'yan makonni. Daga nan matan 'yan'uwana suka ce ba sa iya cin abinci ina kusa. Aka yi mini bukkar kara a bayan gida, kusa da turken awaki. Aka ware mini ƙwarya. Mai kawo fura takan aje ta daga nesa, ta turo ta da ƙafa, hancinta cikin mayafi. Innata tana so na, amma ita ma daga bakin ƙofa take tsayawa ta yi kuka ta koma. Wata gwaggona ta ce in daina wahalar da kaina da salla, mai najasa a jiki Allah ba ya duban ta. Na daina.

Maigidana ya zo sau ɗaya. Ya sunkuyo zai shigo, na ga yadda fuskarsa ta yi. Ya ce aiki ya yi yawa, ana tsakiyar awo. Daga baya na ji abokansa na ba shi shawara ya aiko da takardar saki ya huta.

Wata rana da azahar na ji hayaniya, na ji muryar da ba a ɓata ta. Iya ce. Kamiyon gyaɗa ta hau, ya sauke ta a bakin hanya, ta ƙarasa da ƙafa cikin rairayi, da daro bisa kai. Innata ta tare ta tana ba da haƙuri, tana ƙoƙarin yi mata bayanin yadda abin ya faru. Na ji Iya ta ce, "Sai a wanke tukuna."

Ta shigo bukkar ba ta toshe hanci ba. Na ja zane na rufe fuska. Na ce, "Iya, fita. Don Allah fita."

Ta ce, "Ɗaga ƙafa."

Ta wanke ni kamar jinjira. Inda fata ta saɓule ta shafa man kaɗe. Ta ƙone tabarmar, ta sa aka kawo ruwa cikin babbar ƙwarya ta tsaya a kaina sai da na shanye. Washegari ta ce wa babana, "Matar ɗana ce. Na zo ɗaukar ta." Babana ya kasa haɗa ido da ita. Ba wanda ya ce a bar ni. Wannan ma ban manta ba.

A ɗakinta ta sauke ni, bisa gadonta, ita ta koma tabarma. Hoton na nan da ƙunar da na yi masa, ba ta taɓa tayar da maganar ba. Ta ɗinka mini ƙunzugu da yawa daga tsofaffin zannuwanta. Kullum da safe ta wanke su ta shanya a igiya, kowa na gani, ba ta ɓoyewa. Tuwon hannunta kuwa na ci shi har da suɗe kwano.

Da ta lura ba na salla, ta tambaye ni dalili. Na faɗa mata abin da gwaggona ta ce. Ta ɗaura kallabi ta fita, ashe gidan Liman ta nufa. Shi da kansa ya ba da labarin daga baya yana dariya, wai ta tsaya a ƙofar zaurensa ta ce, "Malam, Allahnku yana ƙyamar mara lafiya?" Ya ce subhanallahi. Ta ce, "To zo ka faɗa mata." Ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa, ya ce lalura ce, in gyara jikina gwargwadon iko, in yi alwala in yi sallata, abin da ya zubo bayan nan babu laifi a kaina. Tun daga ranar, in an kira salla, Iya ce ke cika mini buta. Ina salla tana gefe tana jan carbinta. Ko sau ɗaya ba ta ce in bi addininta ba.

Ɗanta kuwa ta kira shi tsakar gida, ina ji daga ɗaki. Ta ce, "Na ji abin da abokanka ke faɗi. Ka bar addinina, na bar ka da Allah. In ka saki yarinyar nan a wannan hali, ita za ta zauna a gidan nan, kai za ka fita." Bai sake ni ba. Ya ɗauki lokaci kafin ya iya zama kusa da ni, amma ya zauna. Shi ya ce in rubuta wannan yadda ya faru, kada in rufa masa asiri.

Ina cikin wannan ciwo aka sallami ma'aikata 'yan Dahome, aka ce su koma ƙasarsu. Maigidana haihuwar nan ne, abin bai shafe shi ba. Amma danginsu kaɗan da ke Tasawa da Mayahi duk suka ɗaure kaya, suka ce Iya ta zo su tafi, ta ga gida kafin ta mutu. Kafin ta ba su amsa, sai ga matan unguwa sun fara zarya suna rabon kayanta da ido. Maƙwabciyarmu ta bayan katanga ta ce, "Iya, tunda tahiya za ki yi, turmin ga hwa ba ya shiga mota." Iya ta ce mata ta ɗauka. Ranar tafiya ta raka mutanenta bakin kamiyo. Ƙanwar mijinta ta riƙe ta tana kuka, ta ce ga wuri an bar mata. Iya ta ce, "Wa zai wanke matar ɗana?" Motar ta tashi, ta dawo gida ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa har la'asar. Ba ta sake ganin ƙasarsu ba. Turmin kuwa ba a maido ba. Shekaru muka yi muna aika aron turminmu, wani lokacin a ce ana daka.

Ita ta yi ta cigiya har ta ji labarin wani gidan likita na 'yan mishan, can nesa, inda ake ɗinke irin ciwona. Ta kai ni. Aikin farko bai kama ba, ta sake mai da ni. Ranar da na kwana na tashi zanena a bushe, ta durƙusa a tsakiyar ɗakin majinyata ta yi ta magana cikin harshensu, hawaye na bin kumatunta. Bayan shekaru Allah ya ba ni 'ya mace, likita ya ciro ta ta ciki. A bayan Iya ta girma.

Da tsufa ya kama ta, ƙafafunta suka kumbura, ta daina fitowa zaure. Kwana biyu kafin ta cika, da rana tsaka, ina yi mata fifita, na tambaye ta abin da ya daɗe yana raina. Na ce, "Iya, ke Allah bai yi miki hanci ba ne? Duk shekarun nan ban taɓa ganin kin yamutsa fuska ba."

Ta buɗe ido ta dube ni kamar na yi wauta.

"Wa ya faɗa miki? Kin san dalilin da ba na karyawa ranar Juma'ar farko? Kun ɗauka azumi nake. Ba azumi ba ne. In na ci, dawowa yake. Ko ban ci ba ma, in na sallame su sai na zaga bayan rumbu na yi ta kakari. Tabar nan da kike gani, don wari na koye ta."

Na ce, "To me ya sa ba ki bari ba?"

"Na roƙe shi ya cire mini ƙyamar. Shekara da shekaru ina roƙo, bai cire ba. Sai na gane ba hancina yake so ba. Ƙyama tawa ce, ciwo nasu ne. Ciwo ya fi."

Sannan na tambayi abin da nake tsoro. Na ce, "Ni fa? Ranar da kika shigo bukkar nan a Koona?"

Sai ta fara dariya, dariyar ta koma tari, na ɗago ta na ba ta ruwa. Da numfashinta ya daidaita, ta kama hannuna ta matse.

"Ke? 'Yata, naki ya fi na kowa. Na fita na yi amai a bayan dangarku har sau biyu. Kuma haushinki nake ji a ranar, ban huce ba." Ta lumshe ido. "Sai da na kai wata uku ina wanke ki kafin in fara son ki."

Ya Allah, ni ba malama ba ce, ban san abin da ya halatta in roƙa mata ba, kuma ba zan yi maka shisshigi a mulkinka ba. Shaida kawai na kawo. Kai ka halicci hannun nan, ka ga duk inda ya shiga. Ka ga kuma wata ukun nan.